Abdulhadi na Cadawa da Rigar Mai Minshari

Duk wanda ya saba bin layin masu gyaran babur a Cadawa da sanyin safiya ya san dattijon nan da ke zama a ƙofar shagon ƙarshe, gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro. Daga masallaci ba ya komawa gida. Yakan buɗe shago, ya share gabansa, ya sha kununsa, sannan ya jawo akwatin kwamfuta guda ya ɗora a cinya kamar mai shirin yi wa jariri wanka. Sai ya kwance kusoshinta ya zuba a murfin kwano, ya ɗauko famfon keke ya yi ta hura mata iska har duk abin da ta haɗiya a buro, wato ofis, ya fito: yashi, yanar gizo, fiffiken kyankyaso, wani lokaci har da gidan zanzaro sukutum. Yana yi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana tambayarta wa ya yi mata wannan wulaƙanci. Masu gyaran babur sun daɗe da daina yi masa dariya, sai dai su gaishe shi su gaishe ta.

Sunansa Malam Abdulhadi, amma daga Gazawa har Gidan Runji da Mai Garke aka fi saninsa, alhali ko akuya bai taɓa ɗaurewa a gidansa ba. Garkensa kwamfutoci ne, irin na girken nan masu ƙaton akwati da allo mai ƙeya, waɗanda manyan buro suka daina yayi suka tura bayan gini. Shi ne yake kwaso su, ya raya su, ya samo wa kowace gidan da za ta zauna ta yi amfani. A bana yake ajiye aikin saboda idanunsa sun gaza. Ni kuwa tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, da ya koyar a lakol ta Gazawa, ina cikin waɗanda suka ci moriyarsa, kuma na san halinmu. Sai mutum ya kwanta dama muke tuna alherinsa, mu taru mu yi ta faɗa wa juna abin da ya kamata a ce shi aka gaya wa. Shi ya sa na ce bari in faɗi nasa yana raye, ko da karanta masa za a yi.

Asalinsa mai gyaran rediyo ne. Kakansa ya hauro daga kudu da fatauci ya zauna a Cadawa, mahaifinsa ya yi noma, shi kuma tun yana saurayi hannunsa ya fi kwanciya a kan waya da dalma fiye da kan hauya. Wata shekara aka kira shi wani buro a Maraɗi ya duba musu wayar wuta. Da ya zaga bayan gini neman inda zai yi alwala, sai ya tarar da kwamfutoci jibge a gindin katanga, ruwan sama ya fara cin na ƙasa. Mai gadi ya ce masa an kawo sababbi ne, waɗannan ana jiran masu sayen ƙarafa su zo su farfasa, su kwashe jan ƙarfen ciki, sauran a cinna musu wuta. Abin ya tsaya masa a rai har ya kasa cin abincin rana. Ba sanin kwamfuta ya yi ba a lokacin, amma ya san wahalar da ake sha kafin a haɗa ko da 'yar rediyo, balle wannan. Ya roƙi shugaban buron, aka ce ya ɗauki wadda yake so, ana yi masa kallon wanda ya zo rage musu shara. Ya ɗauki ɗaya, ya riƙe ta a cinya cikin motar haya har gida, domin ya ƙi yarda a ɗaure ta a sama tare da buhunan albasa.

Damina guda ya yi yana fama da ita, yana komawa Maraɗi yana tambayar waɗanda suka sani, wasu su gaya masa, wasu su kore shi. Ranar da ta tashi, fankar cikinta ta kama wani irin gurnani mai hawa da sauka. Matarsa Mariyama ta leƙo daga madafa ta tambaya wane baƙo ne ya yi barci a zaure da rana tsaka. Daga ranar sunan kwamfutar ya zama Mai Minshari. Daga baya da ya samu wata fankar ya so ya canja mata, Mariyama ta ce ya bar ta yadda take, ta haka take gane yana gida.

Ba a jima ba zanzaro ya gano ta, ya shiga ta ramukan iska ya yi gininsa a ciki har ta ɗauke numfashi. Mariyama ta ce laifinsa ne da ya bar ta tsirara. Ta duba ƙyallayen da take da su babu wanda ya isa, sai ta ɗauko zanenta, wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, wadda ya sayo mata shekarar da suka tare a gidan kansu, ta sa mata almakashi. Ya yi faɗa sosai. Ta ce zanen ya ga biki ya ga suna, ya je ya ga lakol kuma. Da hannu ta ɗinka rigar, ta rufe akwati da allo gaba ɗaya, ta kalmashe bakin sau biyu da faɗi, yadda take yi wa kowane ɗinki nata.

Sai kuma tambaya ta taso: ina za a kai ta? Shi ba abin da zai rubuta. Sayarwa ba ta kwanta masa ba, domin mai iya saya a garin ba shi ne mai bukata ba. Kyauta kuma ya ga abin da ke samun kayan da aka ce na jama'a ne. Ya ga injin niƙa, ya ga famfo, ranar buɗewa kowa da guɗa, ranar da suka lalace kowa ya ce ba shi aka damƙa wa ba. Yana cikin wannan tunani abokinsa Hamidu ya zo, wani Bafulatani makiyayi na dajin Sae Sabuwa da ke kawo masa rediyo duk ranar kasuwa, ko ta lalace ko lafiyarta ƙalau, don dai a sha shayi a yi wa juna tsiya. Hamidu ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa.

“Kai Kaɗo, ka samu saniya ba ka san yadda ake yi da ita ba. Ka ba da ita haɓɓanaye mana.”

Ga wanda bai sani ba, haɓɓanaye al'adar Fulani ce. Mai shanu yakan ɗauki karsana ya ba abokinsa da ba shi da su. Abokin ya riƙe ta, ya kula da ita kamar ransa, ya sha nononta, maruƙan da ta haifa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita cikin mutunci. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma in ta wulaƙanta a hannunka abin kunya ne da zai bi ka har jikoki. Abdulhadi ya yi dariya ya ce to ita wannan me za ta haifa. Hamidu ya ce ai kai da bakinka ka ce mutane take koya wa rubutu, to su ne maruƙan.

A kan wannan magana ya kafa aikinsa, kuma bai sauka daga kanta ba har yau. Ba ya ba lakol kwamfuta, ba ya ba ƙungiya, ba ya ba gidan likita. Mutum yake ba, mai suna da gida, a gaban shaidu, ko da a lakol ɗin za a ajiye ta. Kafin ya bayar sai ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya ɗaga kai ya duba rufi ko yana yoyo, ya girgiza tebur, ya ga inda wuta za ta fito, ko ta gari ce ko ta farantin hasken rana. Yakan goge duk abin da tsofaffin masu ita suka bari a ciki ba tare da ya buɗe ya karanta ba. Idan ta haihu, wato an samu mutanen da za su iya zama su kaɗai su buga takarda har su koya wa wani, sai a dawo masa da ita. Ya hure ta, ya gyara abin da ya gaji, ya goge ta, ya nemo mata wani gidan. Sharaɗi na ƙarshe shi ne riga. In an gama aiki an kashe ta, a bari ta huce a sa mata rigarta.

Ni aka fara damƙa wa Mai Minshari. Har yanzu ina tuna ranar da ya iso Gazawa da ita, ya tsaya a ƙofar aji yana kakkaɓe mata riga, yara sun yi cincirindo a taga suna cewa an kawo telebijin. Ya kama hannuna ya ɗora a kan akwatin ya ce a gaban mutane, “Mushe, ba ta lakol ba ce, taka ce har ta haihu. In ta mutu a hannunka, kai zan tambaya.” Ban taɓa jin nauyin abin ƙarfe kamar ranar ba. A kanta ɗalibina Muzammil ya koyi rubutu, yaron da ba a jin muryarsa a aji. Yau magidanci ne mai 'ya'ya, kuma shi ne zai gaji shagon Cadawa.

Daga nan garke ya yi ta ƙaruwa. Da ya ji an canja kwamfutoci a wani buro, ko a Maraɗi ko a Agiye ko a Tibiri, sai ka gan shi a bakin ƙofa da buhu da igiya, yana jira ba ya gajiya. Wani wurin a ba shi, wani wurin a ce ya dawo gobe har goben ta ƙare. Daga matattu uku yakan haɗa mai rai guda, ya ajiye sauran sassan a kwalaye don gaba. Mariyama kuma ta riƙa bin teloli tana karɓo ragowar ƙyallaye tana ɗinka riguna, har ta kai da ganin riga ake gane kwamfutar Mai Garke.

Malam Abdulhadi, kai ne wanda mutanen wani ƙauye a bayan Sae Sabuwa suka ga ya shigo musu a amalanken jaki, ka shimfiɗa wa kwamfuta buhunan ƙaiƙayi don kada hanya ta girgiza ta, kai kuma kana tafe a ƙasa cikin yashi kana riƙe mata laima. Kai ne wanda wani mai hali ya aiko wa da mota daga Agiye yana son guda ya ajiye a falo baƙi su gani, ka tambayi ɗan aiken wa za ta koya wa rubutu a falon, sannan ka ce ya gaida maigidansa. Kai ne ka je ziyara wani gida ka tarar an jera kwanukan tuwo a kan wadda ka bayar, an yi goge-goge da rigarta. Ba ka ɗaga murya ba. Ka sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ka gode wa mai gidan, ka rungumi abarka ka fita. Mutumin nan ya fi shekara bai iya haɗa ido da kai a kasuwa ba.

Ba zan ce ba ka da naka ba. Kana da taurin kai, kuma in ka fara bayanin yadda ake kashe kwamfuta a hankali, mai sauri gara ya nemi wurin zama. Amma a gidajen likita na ƙauyukanmu, da buron magajin gari, da shagunan buga takardu na bakin tasha, akwai maza da mata da ke ciyar da iyalinsu da yatsunsu, kuma in ka bi asalin yatsun nan a kan wata tsohuwar kwamfuta mai rigar atamfa suka fara.

Sai Mariyama ta rasu, bayan gajeriyar jinya, shekarun baya da suka wuce. A lokacin Mai Minshari tana wani gari, kuma lokacin dawowarta ya yi. Abdulhadi, wanda bai taɓa sassauta ƙa'idarsa ga kowa ba, ya sassauta ta ga kansa. Ya aika cewa kada a kawo ta Cadawa, a wuce da ita gida na gaba kai tsaye, Muzammil zai je can ya duba ta. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kowa ya san ba zai iya ganin zanen nan ba. Haka ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ya zo daga inda take, sai ya gama tambayarsa lafiyar gida da ta gona, sannan ya kawar da kai ya ce, “Ita fa, tana da rigarta?” In an ce tana da ita, sai ya koma kan aikinsa.

A bara ne idanun suka fara ba shi matsala. Kusoshi suka riƙa ɓace masa a cikin murfin kwano, gefen hanya ya riƙa duhu kamar ana jawo labule daga hagu da dama. Likitan ido ya gaya masa gaskiya, cewa ba yanar da ake cirewa ba ce, magani zai rage gudun abin ne kawai, kuma abin da yake son gani ya gan shi yanzu. Muzammil ya ce a hanyarsu ta dawowa, da suka kusa gida, sai Malam ya dafa kafaɗarsa.

“Ina son in ga shuɗin zanen nan,” ya ce. “Na yi ta ƙoƙarin tuna shi, sai ya riƙa guduwa. A kawo mani Mai Minshari gida, in ajiye ta gabana har abin da ya rage ya ƙare.”

Babu mai ja da wannan. Tasa ce, kuma ta daɗe da haihuwa a inda take. Tana Sae Sabuwa a hannun Raliya, shugabar matan da ke matsar man gyaɗa, a wani ɗaki mai farantin hasken rana da suke taro a ciki. Aka aika mata, ta ce to, ranar da ya ga dama za a kawo. Shi ya ce a'a, da kansa zai je. Da aka yi kaka hanya ta bushe, Muzammil ya goya shi a babur suka tafi, ni ma na bi su, don ina son in sake ganin tsohuwar.

Mun tarar Raliya ta gama shiri. An kwance wayoyi an naɗe, an sa wa Mai Minshari rigarta, an ɗaure ta da igiya, ga jarkar man gyaɗa a gefe ta godiya. Mata sun cika ɗakin, an gaisa, an sha ruwa. A lungu akwai wata mata zaune da goyo, ta ɗora wani kwali a gwiwa da aka zana wa haruffa da gawayi, yatsunta na ta tafiya a kai ba ta ma san tana yi ba. Muzammil ya tambaya a hankali, Raliya ta ce Rufaida ce. Ta bar lakol tun tana ƙarama, mijinta ya tafi ci-rani arewa an daɗe ba labari. Gidan likitan garin na neman mai rubuta sunayen masu awo, za a gwada mutane nan gaba kaɗan, kuma ta fara kamawa amma hannunta bai nuna ba tukuna. Tun da ta ji za a tafi da kwamfutar ta zana kwalin. Raliya ta ƙara da cewa kada Malam ya ji wannan, ba ta son a ɗora masa nauyi. Ta manta cewa mai gyaran rediyo da kunne yake aiki.

Abdulhadi ya nemi a kwance igiyar, ya zare rigar da hannu biyu, ya lallaɓa ya fita da ita bakin ƙofa inda rana take. Ya ɗaga ta kusa da fuska, ya nisanta, ya karkata kai yadda yake yi yanzu in yana neman abu da ɗan hasken da ya rage masa a tsakiya. Mu muna kallo muna jin kunya, domin mu mun ga abin da ke hannunsa. Rigar ta sha wanki a garuruwa da yawa, ta sha rana a kan igiya. Ta koɗe ta koma kalar toka, ganyen ruwan ɗorawa sun zama tabo-tabo, ga maho na ƙyalle daban-daban da hannuwa daban-daban suka yi mata.

“Raliya,” ya ce, “idona ne, ko kuwa?”

Da wata ce, da ta ce masa shuɗin yana nan. Raliya ba ta iya ƙarya ba.

“Ba idonka ba ne, Malam. Haka munka same ta, ta riga ta koɗe. Mu ma mun ƙara mata wanki.”

Ya gyaɗa kai. Ya zauna a dakalin ƙofa da rigar a cinya, ya ce shi ya yi latti, ba laifin kowa ba ne. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune kamar yadda na gan shi a lokacin ba. Yatsunsa kawai ke yawo a kan ƙyallen, suna tsallake mahon da bai sani ba, har suka sauka a bakin rigar, suka tsaya a kan kalmasar nan mai kauri. Ya bi ta da ɗan yatsa ya ce wannan dai hannun Mariyama ne, duk Cadawa ita kaɗai ke naɗe baki sau biyu kamar ba ta san tsadar yadi ba.

Raliya ta dubi kalmasar, ta shiga ɗaki ta fito da reza. Ta durƙusa gabansa ta ce ya ba ta izini. Ta tsinke zaren kaɗan, bai fi tsawon yatsa ba, ta warware naɗin farko, ta warware na biyu, ta buɗe. Abin da ke ciki rana ba ta taɓa ganinsa ba, sabulu bai ci shi ba. Shuɗi ne shar, da rabin ganye ruwan ɗorawa, kamar jiya aka yanko shi daga kanti.

Ta kama hannunsa ta kai wurin, ta juya shi ya fuskanci haske. Ya kai shi dab da ido. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, ba da mu yake ba.

“Shi ne,” ya ce. “Haka yake ranar da na miƙa miki shi.”

Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba, mu ma ba mu ɓoye namu ba. Da ya gama kallo ya miƙa wa Raliya ya ce ta mayar da naɗin yadda yake ta ɗinke, kada rana ta shiga. Muzammil ya ɗauko igiya zai sake ɗaure kwamfutar, Malam ya ce masa ya ajiye, ya haɗa wayoyin. Aka haɗa, aka danna, Mai Minshari ta yi tari sau ɗaya ta kama gurnaninta na da. Ya saurara yana murmushi. Sannan ya juya wajen lungun da ya ji ana buga kwali.

“Ɗiyata, taso ki zauna inda ya dace. Kwali ba ya gaya wa mutum in ya yi kuskure.”

Raliya ta ce Malam ai don ka tafi da kwamfutar ka zo. Ya ce Hamidu ya taɓa gaya masa cewa su ba su karɓar saniyarsu muddin akwai maraƙin da ke tsotso, sukan jira a yaye shi. Ta ce to ko rigar ya tafi da ita, yau ɗin nan za su ɗinka wata. Ya kai hannu ya shafa rigar har muka ɗauka zai karɓa, kuma wallahi na so ya karɓa. Sai ya ce Mariyama ba don a ninke a akwati ta yanka zanenta ba, ta ce ne ya je ya ga lakol. Man gyaɗan kawai ya yarda aka ɗaura a bayan babur. Muna fita muna jin Rufaida tana buga haruffa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

An ɗauki Rufaida aikin. Kafin labarin ya iso Cadawa wasu matan sun riga sun hau kujerar, don haka Mai Minshari ba ta dawo ba, kuma ban ga alamar za ta dawo nan kusa ba. Idanun Malam Abdulhadi sun ƙara ja da baya, yanzu da murya yake gane mu. Har yanzu yakan zo shago da safe ya zauna gindin bedi, Muzammil na hura iska shi yana saurare, yana cewa wannan fankar ta gaji, waccan da sauranta.

Malam, mun gode. Mai Garke, makiyayin da bai taɓa shan nonon garkensa ba, mun gode a madadin duk wanda ya fara taɓa haruffa a kan abin da wasu suka jefar. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka abin da ya rage, ya jiƙan Mariyama.

Ku kuma masu buro da masu shaguna, in an kawo muku sababbi, kada ku tura tsofaffin gindin katanga ruwa ya ci. Ku tambaya ko akwai mai raya su a garinku, in babu ku aiko Cadawa, shagon yana buɗe. Wanda ya iya gyara ya ɗauki guda ya gyara, ya nemi mutum mai suna da gida ya damƙa masa a gaban shaidu. Mai allura ta ɗinka riga. Kuma in hanya ta bi da ɗayanku ta Sae Sabuwa, ya daure ya leƙa ɗakin matan man gyaɗa kafin ya zo gaida Malam, domin in ya gama tambayar gida da gona zai kawar da kai ya yi tambayarsa, kuma yana so ya ji amsar daga bakin wanda ya gani da idonsa.